Uwar Ɓeraye da Ƙwaƙwalwar Auta

Shekara ashirin da biyu ta yi tana kiwon ɓeraye a jami'a, har sunanta na ainihi ya ɓace a bakin mutane. Daga maigadin ƙofa har shugaban sashe, Uwar Ɓeraye kowa ke ce mata, ita kuma tana amsawa ba ta jin komai. Ɗakin aikinta yana ƙarƙashin benen sashen binciken ƙwaƙwalwa. Ba shi da taga, sai wata fanka mai zuƙe wari da fitilar da ke kunna kanta da safe ta kashe kanta da yamma. Keji ɗari da arba'in ne a jere kan kantocin ƙarfe, kowanne da kwalbar ruwa a kife da kati a manne. Ɓerayen farare ne tas, masu jajayen idanu, ba su taɓa sanin kwata ko bayan buhu ba.

Da shara ta fara a sashen, tana da shekara ashirin da shida, riƙe da takardar gama sakandare da ba wanda ya taɓa neman gani. Tsohon da ke kula da ɗakin a lokacin ya lura ba ta tsalle in ɓera ya taɓa ta, sai ya koya mata aikin: yadda ake ɗaga ɓera bai yi cizo ba, yadda ake gane marar lafiya daga tashin gashinsa, yadda ake canza garin katakon da suke kwana a kai ba a firgita mai jego ba. Da ya yi ritaya aka bar mata makullin. Mijinta, bakanike mai yawan barkwanci, yakan ce shi kaɗai ne magidancin da matarsa ke yini tana ciyar da ɓera, ta dawo gida ta ɗana wa ɗan'uwansa tarko a kicin.

Litinin ce ranar yaye. Takan ɗauko 'ya'yan da suka kai sati uku, ta ɗaga kowanne ta gindin wutsiya ta duba. Namiji dama, mace hagu. Mazan ake hawa da su sama, inda ake koya musu hanya a cikin akwati mai lunguna, a ba su magani, a auna barcinsu da tsoronsu da zafin da suke ji, daga baya a buɗe kawunansu a duba. Matan kuwa takan ware kaɗan don haihuwa, sauran ta zuba su a akwatin da ake sakar wa iska mai kisa, ta rufe, ta juya baya har motsin ya tsaya. A shekararta ta farko ta tambayi tsohon dalili.

"Haka na tarar," ya ce. "Wai matan ba sa ba da sakamako mai kyau. Yau suna kaza, gobe suna kaza."

Dariya ta yi a lokacin. Har yau in ta tuna wannan dariyar ji take kamar ta mari kanta.

Tana da ƙanwa ɗaya, Auta, wadda ta raina tun rasuwar mahaifiyarsu. Auta tela ce, da shagonta a bakin titi, keke biyu da dutsen guga da madubi mai tsayin mutum. Mace ce mai surutu da tsokana, in ta auna ki sai ta faɗa miki ƙibar da kika ƙara tun bara ko ba ki tambaya ba. Tana da shekara arba'in da ɗaya ciwon kai ya fara mata. Ba mai tsanani ba ne, amma kullum da safe yana nan a goshi, kamar an ɗaure mata kai da igiya. Sai zare ya fara ƙin shiga allura. Wata rana maƙwabcin shagonta ya faɗo a guje ya fizge wayar dutsen guga daga bango. Rigar mutane ce ke ci a kan teburi, hayaƙi ya turnuƙe, ita ta juya baya tana yanka yadi, ko alamar ƙauri ba ta ji ba.

Uwar Ɓeraye ta ɗauki hutun rabin yini ta kai ta asibiti. Likitan bai yi minti biyar da su ba. Ya auna hawan jini ya ce lafiya lau. Ya tambayi shekarunta, ya tambaya ko al'adarta ta fara wasa, ya tambaya yaya zamansu da maigida.

"Lafiya muke zaune," in ji Auta. "Likita, hancina ne ya daina jin wari. Ga idona na hagu kuma…"

"Damuwa ce," ya ce, yana rubutu bai ɗago ba. "Mata in suka kai waɗannan shekarun haka suke. Ki rage tunani, ki riƙa samun barci."

Ya rubuta mata ƙwayar kwantar da hankali. Suka yi godiya suka fito.

Shekara uku ana wannan zarya. Likita huɗu suka gani, ɗaya ma mace ce, amma duk wanda ya buɗe fayil ɗin layin farko yake karantawa, ya ga an rubuta damuwa, sai ya ɗora daga nan. Wani ya ƙara ƙarfin ƙwayar. Macen ta dafa kafaɗar Auta ta ce, "Duk muna fama, 'yar'uwa, haƙuri za ki yi." A tsawon lokacin Auta ta zama wata daban. Surutun ya ɗauke. Takan zauna a gaban keke tun safe har azahar da yadi a cinya ba ta taka ba. Masu kawo ɗinki suka janye ɗaya bayan ɗaya. Mijinta, direban babbar mota, ya ɗauka son shi ne ta daina. Dangi suka ce lalaci ne ya same ta da girma. Uwar Ɓeraye kanta, ranar da ta je gidan ta tarar da kwanuka jibge na kwana uku, ta tsaya a kanta ta zazzaga mata faɗa.

"Tashi ki daina wannan sangartar. Likita huɗu sun ce ba ki da komai. Wa ya rasa abin damuwa a duniya?"

Auta ta kalle ta kawai ta ce, "To, Yaya."

A cikin shekara ta ukun ne mijin Auta ya yi ciwon kai na kwana tara. Ya je asibitin nan dai, ya ga likitan nan na farko. A ranar aka tura shi ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa. Shi da bakinsa ya ba su labari, har yana jin daɗi, wai likita ya ce magidanci kamarsa ba zai bar mota ya zo layi a banza ba. Hoton ya fito ba komai. Tabarau yake buƙata.

Bayan wata biyar Auta ta yanke jiki ta faɗi a shago tana karkarwa, kumfa na fita a bakinta. Sai a ranar aka shigar da ita na'urar. Likitan tiyata ya liƙa hoton a jikin fitila ya nuna musu da biro: ƙari ne a bayan goshi, ya fi ƙwan agwagwa girma, ya danne jijiyar jin wari, ya danne ta idon hagu, ya tura gaban ƙwaƙwalwa baya. Ya ce ba mai yaɗuwa ba ne, irin wanda ke girma a hankali ne, kuma an fi samun sa a mata.

"Wannan ya yi shekaru yana girma," ya ce. "Me ya sa ba ku kawo ta da wuri ba?"

Uwar Ɓeraye ta buɗe jakarta ta ciro katunan asibitin da take ɗaure su da roba, ta shiga jera masa a kan teburi ɗaya bayan ɗaya har goma sha bakwai. Likitan ya duba uku na sama, ya tattara ya miƙa mata.

An yi tiyatar, Auta ta rayu. Idon hagu ya tafi, jin wari ma bai dawo ba. Surutun ne ya dawo a hankali, kuma abin da ta fara faɗa da ya yi kama da Autar da aka sani shi ne, "Yaya, kin rame. Siket ɗin nan sai an rage masa inci biyu."

Ranar da Uwar Ɓeraye ta koma aiki Litinin ce. Tana tsakiyar yaye, da 'yar ɓera a hannu, sai ga wata ɗaliba mai neman digirin digirgir ta sauko da takarda. Mai Tabarau suke ce mata, siririya ce marar hayaniya, ita kaɗai ce a masu saukowa ke gaishe ta kafin ta miƙa takarda.

"Mama, maza ashirin da huɗu nake so, na gwajin maganin ciwon kai."

"Ciwon kan wa?"

Mai Tabarau ta gyara tabarau. "Na mutane, Mama. In ya yi aiki a kan ɓera, sai a je gaba."

"Su wa suka fi zuwa asibiti da irin ciwon kan?"

"Mata. Nesa ba kusa ba."

"To me ya sa maza kike nema?"

Mai Tabarau ta waiga ƙofa, ta jawo kujera ta zauna. Ta ce abin da ake koya musu shi ne jikin mace yana juyi, sinadaransa na hawa suna sauka, wai zai dagula sakamako. Ta ce amma ita ta karanta aikin wasu masana da suka tattara gwaje-gwaje masu yawa suka kwatanta, suka ga matan ɓeraye ba su fi mazan rikicewa ba. Ta ce shekara da shekaru akasarin binciken ƙwaƙwalwa a kan maza ake yin sa, a gama a rubuta "ƙwaƙwalwa" kawai, kamar ta kowa ce aka duba.

Uwar Ɓeraye ta aje 'yar ɓerar ta ja Mai Tabarau zuwa kanta ta uku. Ta zaro keji ɗaya mai maza huɗu.

"Dubi wannan ƙaton. Shi ke cin abinci da fari, shi ke kwana a lungu. Dubi wancan, wutsiyarsa duk cizo, ko atishawa na yi sai ya yi fitsari. Uwarsu ɗaya, rana ɗaya aka haife su. Waɗannan ne za ki ce min halinsu ɗaya? Ni da nake kwashe kashinsu shekara ashirin, wa ya taɓa tambayata?"

"Na kai wa Farfesa maganar sau biyu," in ji Mai Tabarau a hankali. "Ya ce in ina son in gama karatuna in bar neman suna."

Daga ranar Uwar Ɓeraye ba ta ƙara samun sukuni ba. Ta sa yarinyar ta riƙa sauko mata da takardu a lokacin hutun rana, tana karantawa tana mayar mata da su cikin magana ta yau da kullum. Abin da ta fi riƙewa ba mai wuya ba ne. In aka ba masani hoton ƙwaƙwalwa ɗaya, ba zai iya faɗa daga shi wa ya iya lissafi wa ya iya raino ba. Bambancin da ke tsakanin mace da mace, ko namiji da namiji, ya fi wanda ake ta kururutawa tsakanin jinsin biyu. Inda kuma bambancin gaskiya yake, wajen cuta da yadda magani ke aiki a jiki, nan ne aka fi kawar da kai. Wannan ne ya fi ƙona mata rai. A gida mijinta ya ce ta zama kamar rediyon da maɓallin kashe shi ya lalace.

Duk shekara sashen yakan gayyaci ɗaliban sakandare su zo su ga aiki. A wannan shekarar aka cika babban ɗakin taro da yara kusan ɗari biyu, 'yan mata a gefe ɗaya cikin kayan makaranta, maza a ɗaya gefen. Aikin Uwar Ɓeraye shi ne ta tsaya a bakin dandamali da keji, in Farfesa ya yi mata alama ta ɗaga ɓera a gani. Farfesa shi ne shugaban sashen, gajere ne mai ƙaramin kai da babbar murya, kuma ya iya jan hankalin yara. Ya ɗaga ƙwaƙwalwar roba ya raba ta biyu, aka yi ta dariya. Can wata yarinya a layi na biyu ta ɗaga hannu ta ce tana son ta karanta injiniya, wane ɓangare ne na lissafi?

Farfesa ya yi murmushi. "'Yata, ba zan hana ki ba. Amma kimiyya ba ta jin kunya. Ƙwaƙwalwar namiji ta fi ta mace girma da nauyi, an gina ta don lissafi da ƙere-ƙere. Ta mace an gina ta don magana da tausayi. Shi ya sa kuka fi mu iya jinya."

Gefen maza ya ɗauki tafi da buga benci. Yarinyar ta sauke hannunta ta cusa shi tsakanin gwiwoyi.

Uwar Ɓeraye ta aje kejin a ƙasa. Ba ta shirya ba, sai ji ta yi muryarta ta fita.

"Ranka ya daɗe, ina da tambaya."

Ya juyo yana dariya. "Uwar Ɓeraye ma ta shiga aji. Muna ji."

"Shekara ashirin da biyu ni nake ba ka ɓerayen da kake bincike da su. Mace nawa ka taɓa karɓa a hannuna?"

Dariyar ta ragu a fuskarsa. "Wannan magana ce ta tsarin bincike, ba nan ne wurinta ba."

"Ko ɗaya. Ni nake kashe su duk Litinin da hannun nan. To ƙwaƙwalwar macen da kake ba yaran nan labari, a ina ka gan ta?"

"Malama, akwai binciken duniya…"

"Akwai. An karanta min. Sun ce babban jiki shi ke ɗauke da babbar ƙwaƙwalwa, ko na mace ne ko na namiji. In da girman kai ne ilimi, ranka ya daɗe, ai da maigadin ƙofa ne shugaban sashen nan, don hularsa har kunne take rufe maka."

Ɗakin ya kece da dariya, har malaman da suka rako yaran suna sunkuyar da kai. Ita ba dariya take ba. Ta juya ga yarinyar layi na biyu.

"Ƙanwata shekara uku tana yawo da ƙari a kanta, likitoci suna ce mata tunanin mata ne. Yanzu ido ɗaya gare ta. Irin maganar nan da kika ji yau ita ta cinye mata idon. Duk wanda ya ce miki kimiyya ta ce, ki tambaye shi a kan wa aka gwada, su nawa ne, mata nawa ne a ciki. In ya fara kame-kame ki je ki karanta injiniyarki."

Ta ɗauki kejinta ta sauka ƙasa. Sai da ta rufe ƙofa sannan ta zauna a kan buhun abincin ɓeraye tana haki.

Washegari takardar neman bahasi ta iso, an rubuta rashin ɗa'a da cin fuskar shugaba a gaban baƙi. Kwamitin mutum biyar ya zauna, ba wanda ya tambaye ta ko abin da ta faɗa ƙarya ne. Abin da suka nanata shi ne matsayinta. Ɗaya daga cikinsu ya ce mata, cikin lallashi, sun san tana cikin damuwa saboda rashin lafiyar ƙanwarta. Ta dube shi har sai da ya kawar da ido.

"Ku rubuta fushi," ta ce. "Kada wanda ya rubuta min damuwa a fayil."

Aka karɓe makullin, aka mayar da ita makarantar koyon jinya, wankin kwalabe da tsabtace ɗakin gwaji. Mai Tabarau ta zo ta same ta a bakin famfo tana kuka tana cewa ita ta jawo mata. Uwar Ɓeraye ta ce ta share hawaye ta je ta gama karatunta, don ana buƙatar mai faɗin maganar da takardar da za a saurare ta.

A nan ne ta fara abin da aka fi saninta da shi. Ɗaliban jinya sun ji labarin hular maigadi, suna zuwa su ga matar da ta yi. Ita kuma ba ta bari su tafi da dariya kawai. Tana goga kwalba da burushi tana jefa musu tambaya.

"Mace ta zo ta ce kanta na ciwo wata shida, ba ta jin wari. Me za ka rubuta?"

In yaro ya ce damuwa, sai ta ce, "To ga direba ya zo da magana iri ɗaya sak. Me za ka rubuta?" Sai ka ga yana sosa ƙeya. Ba ta raga wa 'yan matan ma, don ta ce likitar da ta dafa kafaɗar Auta mace ce, kuma ita kanta da ta yi wa ƙanwarta faɗan sangarta mace ce. Abin ba a wando ko siket yake ba, a abin da aka saba ji ne har aka daina jin sa.

Duk ranar da ta raka Auta ganin likita, bencin jira ya zama ajinta. Takan matsa kusa da matan da ke riƙe da kati ta ce su rubuta abin da ke damunsu da ranar da ya fara. Kada su shiga su ce jikina ba daɗi, su ce cokali yana faɗuwa daga hannuna, su ce na daina ganin gefen hagu. In an ce damuwa ce, su tambaya da ladabi: likita, da namiji ne ya zo da wannan, wane gwaji za ka yi masa? Auta takan ja mata hannun riga ta ce, "Yaya, za ki sa a daina duba ni a asibitin nan." Sau biyu babbar ma'aikaciyar jinya tana korar ta daga zauren, wai tana zuga marasa lafiya. Sai ta koma bencin waje kusa da inda ake jiran mota.

Bayan shekara biyu wata mujallar masana ta dawo wa Farfesa da babban aikinsa, da tambaya ɗaya a kai: ina matan? Masu ɗaukar nauyin binciken ma suka ce daga yanzu sai da jinsi biyu. Wanda aka ba makullin ɗakin ƙasa bai iya riƙon mata ba, masu jego suna ta cinye 'ya'yansu saboda yana buga ƙofa yana canza musu shimfiɗa ba lokaci ba. Aka aiko a kira ta. Farfesa bai ba ta haƙuri ba, cewa ya yi sashe yana buƙatar ƙwarewarta. Ta ce za ta dawo in an fitar da akwatin kisan Litinin daga ɗakin, kuma in an bar Mai Tabarau ta sake gwajinta da mata. Ya amince da duka biyun yana kallon agogo.

Ta yi wata goma sha huɗu tana gyara ɗakin, sannan lokacin ritayarta ya yi. A ɗan taron sallamar da aka shirya, Farfesa ya yi jawabi mai tsawo a kan yadda sashensa ya zama na gaba wajen shigar da jinsi biyu a bincike, abin da ya ce ya daɗe yana hange. A ƙarshe ya juyo gare ta ya ce baiwar Allah nan ta yi namijin ƙoƙari. Aka yi tafi. Aka miƙa mata makirufo don ta yi godiya.

"Na gode," ta ce. "Amma ƙoƙarin nawa mace ne. A rubuta haka."

Wasu suka yi dariya, wasu suka duƙar da kai. Ta karɓi agogon bangon da aka ba ta ta wuce gida.

Yanzu shekararta uku da barin aiki. Auta ta koma ɗinki, amma ta bar aikin ado mai ƙananan layuka, sai riguna masu sauƙi, kuma ta sa an ɗaura mata ƙararrawar hayaƙi a rufin shago. Mai Tabarau ta gama, tana koyarwa a wata jami'ar, duk zangon karatu takan aiko mota a ɗauki Uwar Ɓeraye ta yi wa sababbin ɗalibai magana ta awa ɗaya. Sauran ranakun Talata da Alhamis tana bencin wajen asibiti da 'yan takardu da biro a jaka. Fushin bai ragu ba. Mijinta ya ce ya daina sa ran zai ragu, ya koma yi mata addu'ar ƙarfin murya.

Kwanan baya wani mutum ya zo ya tsaya a kanta da babban ambulan a hannu, matarsa na bayansa tana ɓoye fuska. Ya ce ita ce ta zuga masa mata ta dage sai an ɗauki hoton kanta? To ga shi, sati biyu suna sintiri, ya bar aikinsa, hoto ya fito ba komai. Likita ya ce tun farko ya faɗa musu.

Uwar Ɓeraye ta karɓi ambulan ɗin ta zaro hoton ta ɗaga shi a rana, ko da yake ba karanta shi ta iya ba. Ta mayar ta miƙa wa matar, ba mijin ba.

"Alhamdu lillahi," ta ce. "Yanzu an duba an ce babu. A da ba a duba ba aka ce babu." Ta kalli matar. "Hannun da kika ce min yana mutuwa, har yanzu yana yi?"

Matar ta gyaɗa kai.

"To ba a gama ba. Kanki ne kawai aka duba. Ki koma ki ce ya duba wuya da jijiyoyin hannun, ki faɗa masa ranar da ya fara da abin da ya faɗi daga hannunki."

Mijin ya buɗe baki zai yi magana. Ta matsa gefe ta nuna masa benci.

"Zauna, malam. Kai za ka shiga da ita wannan karon, tunda an fi jin muryarka a ciki. Amma ita za ta yi bayani, kai shiru za ka yi."

Ya tsaya yana dubanta, ya dubi matarsa, ya dubi layin da ke ƙofar likita. Sannan ya gyara wando ya zauna, ita kuma ta ciro takarda da biro ta ce wa matar ta fara daga farko.